Idan yaron da ake koyarwa a gida ya fara girma

A unguwannin Zango na Kumasi a ƙasar Ghana, irin su Aboabo da Asawase, akwai iyayen da ke koyar da 'ya'yansu boko a gida da safe, da yamma yaran su tafi Islamiyya. Wasu tsadar makarantun kuɗi ce ta sa su haka, wasu cunkoson aji, wasu kuma tarbiyya suke ji wa tsoro. Kafin yaro ya wuce shekara takwas abin yakan tafi lami lafiya. Sai ya doshi sha biyu tambayoyi masu nauyi ke tasowa. Ga wasu daga cikin tambayoyin da iyaye ke yi, da amsoshinsu.

Ɗana ya fara musu da ni a kan darasi, har yana cewa "Mama, ba haka ake yi ba." Raini ne?

Sau da yawa hankalinsa ne ke buɗewa. Wahalar ita ce ke ce uwa, ke ce malama, don haka faɗan lissafi na safe yakan biyo ku har kan tuwon dare. Ki raba biyun: in an rufe littafi, maganar ta ƙare. In kuma shi ke da gaskiya, ki ce masa "ka yi daidai." Hakan ba ya rage miki girma ko kaɗan. Darasin da ya fi ƙarfinki, kamar lissafin ƙaramar sakandare ko kimiyya, ki nemi wanda zai ɗauke miki shi, ko da ɗalibin KNUST ne, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da ke unguwa.

Yaya batun takardar shaida?

Nan ne iyaye suka fi yin sakaci, kuma nan ne sakacin ya fi cutar da yaro. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma tilas ne. Matakin yana ƙarewa da jarrabawar BECE a ƙarshen ƙaramar sakandare, wadda hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ke shiryawa, kuma da sakamakonta ake tura yara manyan sakandare ta kwamfuta. Tun 2017 karatun babbar sakandaren gwamnati kyauta ne. Yaron da bai rubuta BECE ba, wannan ƙofa ba za ta buɗe masa ba, komai ƙoƙarinsa.

Tun 2015 WAEC na shirya BECE ga masu zaman kansu, amma tana da sharuɗɗa, har da na shekaru, don haka a je ofishinta a tambaya tun da wuri. Hanyar da ta fi sauƙi a ganina ita ce a saka yaro a makaranta tun farkon ƙaramar sakandare, ya rubuta tare da 'yan ajinsa. Wanda ya ci gaba a gida har gaba da nan yana iya rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare, wato WASSCE, ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da Nov-Dec. Kowace hanya aka zaɓa, a yanke shawarar tun yaro na shekara goma ko sha ɗaya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba zai rasa abokai ba?

A Zango da wuya. Ga gidan haya mai ɗakuna goma, ga Islamiyya, ga filin ƙwallo. Abin da yakan rasa shi ne zama ƙarƙashin malamin da ba ya sassauta masa, da gogayya da yaran da ba yarensu ɗaya ba. Kumasi gari ne na Twi da Turanci, sai a tabbata bakinsa ya faɗa a duka biyun.

Babbar 'yata tana taya ni koyar da ƙannenta da aikin gida. Akwai laifi?

Taimako ba laifi ba ne, amma a sa ido sosai. Yarinyar da ke gida kullum ita ake fara kira: ɗebo ruwa, goya jariri, kai waakye (shinkafa da wake) bakin titi, leƙa tukunya. A hankali sai littafinta ya koma ƙarƙashin katifa, ba tare da kowa ya yi niyyar hana ta karatu ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin ɗan'uwanta namiji ba ya biyan wannan farashi. A ware mata sa'o'in da babu mai aiken ta, ko kakarta ce. Uba shi ya fi dacewa ya tsaya a kan wannan, don maganarsa ce za ta hana sauran 'yan gida kiran ta.

Ɗana ya ce sana'a yake so, zai tafi Suame Magazine, babbar matattarar makanikai ta Kumasi, koyon kanikanci.

Sana'a abin alfahari ce. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 15, ko kammala matakin farko, a matsayin lokacin fara koyon sana'a. Ya rubuta BECE tukuna, sannan ka kai shi wurin maigidan da ka san halinsa.

In ya ce shi makaranta yake so kamar sauran yara fa?

A saurare shi da kyau, kada a ɗauka butulci ne. Ka zaunar da shi, ka tambaye shi me yake nema a can: abokai ne, ɗakin gwaje-gwaje ne, ko kuwa gajiya ya yi da zama wuri ɗaya. In tarbiyya ce damuwarka, akwai makarantun gwamnati da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana, inda ake haɗa boko da Larabci. Ku je tare ku duba biyu ko uku, ku gana da shugaban makaranta, ka bar shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa kafin a cike fom.