Hedifon mara waya mai rage hayaniya

Hedifon mai rage hayaniya na'urar sauraro ce da ake sawa a ka ko a cikin kunne, wadda take isar da sauti daga wayar salula ko kwamfuta, kuma take danne ƙarar da ke kewaye da mai sauraro ta hanyar lantarki. Mara waya daga cikinsu yana karɓar sauti ta Bluetooth, yana aiki da batirin da ake yi wa caji. A jikin kwali ana nuna wannan fasaha da haruffan ANC. A bakin 'yan kasuwa, babba mai rufe kunne shi ne hedifon, ƙananan da ake cusawa a kunne kuwa iyafis ake ce musu, amma dabarar aikinsu ɗaya ce.

Yadda yake aiki

Sauti kaɗawar iska ce, wato matsewa da sakewa da ke bin juna har su isa dodon kunne. Hedifon yana da ƙaramin makirfo da ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar da ke cikinsa ta ƙirƙiri kishiyar wannan ƙara, ta yadda inda ƙarar ta matse iska sifika za ta sake ta, inda ta sake kuma sifika za ta matse, idan suka haɗu a bakin kunne sai su cinye juna. Wasu hedifon suna da makirfo a waje kawai, wasu a ciki kusa da sifika, masu tsada kuma sukan haɗa biyun, na ciki yana gyara abin da ya kuɓuce wa na waje.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba shi ne yake sayen kaya ya dawo yana cewa an cuce shi. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ƙara mai kauri da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawon igiyarta, wato tazarar da ke tsakanin matsewa ɗaya da ta gaba, ya haura mita 3, saboda haka na'ura tana samun sararin daidaita kishiyarta. Siririn sauti mai kaɗawa sau 5,000 kuwa igiyarsa ba ta kai santimita 7 ba, kuskure kaɗan wajen lokaci ya isa ya ɓata lissafin, har ma ya ƙara ƙarar a maimakon rage ta. Shi ya sa fasahar ta fi ƙarfi a kan sautin da bai kai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa ba, musamman wanda ba ya sauyawa, kamar gunjin injin jirgin sama, rurin mota a doguwar tafiya, fanka, na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Kukan jariri, hon ɗin mota da hirar mutane suna ratsawa, sai dai su ɗan dusashe. Abin da ke tare irin waɗannan shi ne jikin hedifon ɗin kansa, wato soson da ya kewaye kunne ko robar da ta toshe shi.

Tarihi

Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ne ya samu takardar mallakar wannan dabara a Amurka a 1936, amma kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin aiwatar da ita. A shekarun 1950 Lawrence Fogel ya yi aiki a kanta domin matuƙan jiragen sama. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya fara lissafin nasa a cikin jirgi, bayan da ƙarar inji ta hana shi jin kiɗa. Matuƙan jirgi Dick Rutan da Jeana Yeager sun sa samfurin gwaji na kamfanin Bose a 1986, lokacin da suka zagaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙara mai ba. Kamfanin ya fitar da na matuƙa a 1989, na jama'a mai suna QuietComfort kuma a 2000. Kasuwar mara waya ta buɗe sosai a 2016, shekarar da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, Bose ya fitar da QuietComfort 35, Sony kuma ya fitar da MDR-1000X. Iyafis ɗin Apple mai suna AirPods Pro ya biyo baya a 2019.

Abin dubawa wajen zaɓi

Abu na farko shi ne zaman hedifon a kunne, domin duk ƙwarewar na'ura ba ta amfani idan iska tana shiga ta gefe. Hannun tabarau yakan ɗaga soso ya bar ƙofa, haka ma bakin hula, ɗankwali ko hijabi idan ya shiga ƙarƙashin soson, don haka mai irin wannan shiga ya kamata ya gwada da kayan da ya saba sawa, wata ma iyafis ne zai fi mata. Iyafis yakan zo da robobi girma uku, kuma ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya karɓi matsakaiciya na hagu ya buƙaci babba. Alamar robar ta zauna ita ce ƙarar waje ta ragu tun kafin a kunna komai, kuma ba ta zamewa idan an yi hamma ko tauna. Babban hedifon ya fi danne hayaniya kuma ya fi daɗewar caji, amma yana da nauyi, yana tara zufa a lokacin bazara, fatar roba da ke lulluɓe da soson kuma takan fara ɓarewa bayan shekara ɗaya ko biyu. Wanda ake iya sauya masa soso ya fi amfani ko da ya ɗan fi tsada.

Akwai ruɗani guda da ya yawaita a kan kaya masu araha, shi ne tsakanin ANC da ENC. Na biyun yana tace muryar mai magana ne a lokacin kira domin wanda ke can ɗaya gefen ya ji shi sarai, ba ya rage wa mai sanye da shi ƙarar komai. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kasuwa irin ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas ba ta rasa janareto mai aiki: mutum ya sa hedifon ba tare da kiɗa ba, ya kunna rage hayaniyar ya kashe. Idan ta gaske ce gunjin zai faɗa ƙasa nan take kamar an rufe ƙofa. Wannan gwaji kuma yakan tona asirin wasu jabun da ake bugawa da sunan manyan kamfanoni, waɗanda kwalinsu ba ya bambanta da na asali.

Manyan hedifon sukan yi awa 20 zuwa 30 da caji ɗaya idan rage hayaniya na kunne, iyafis kuwa awa 5 zuwa 8, akwatinsa yana sake cika shi sau biyu ko uku. Inda wuta ba ta da tabbas, wanda ake iya jona masa waya a ci gaba da sauraro idan batir ya mutu yana da fifiko, haka ma mai ramin caji na USB-C, tunda caja ɗaya za ta ishi shi da salula. Zafi yana rage wa batirin lithium kwana, barin hedifon a cikin mota da tsakar rana kuwa hanya ce ta kashe shi da wuri. A yawancin iyafis batirin a manne yake, idan ya gaji na'urar ta gama.

Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika shi, kuma hanyoyin matsewar sun bambanta. SBC kowace na'ura tana da shi, AAC shi ne iPhone yake amfani da shi, aptX na Qualcomm ne, LDAC kuma na Sony, sai dai babu wanda zai yi aiki idan salula da hedifon ba su yi tarayya a kansa ba. Ga mai sauraron labarai, karatu ko wa'azi a cikin mota bambancin bai taka kara ya karya ba, ya fi masa alheri ya duba ingancin makirfo, da ko hedifon yana iya haɗuwa da salula da kwamfuta lokaci guda. Lambar IP tana nuna juriya, adadi na farko na ƙura ne, na biyu na ruwa. IPX4 yana jure zufa da yayyafi amma ba a auna shi da ƙura ba, IP54 kuwa ya haɗa biyun, abin da mai fita a lokacin hunturu zai so ya sani.

Lafiyar kunne da tsaro

Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ma'auni a 2019 cewa babba kada ya wuce desibel 80, wato awon ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 92 awa biyu da rabi ne kawai a mako. Amfanin rage hayaniya a nan shi ne mai sauraro ba ya buƙatar ƙure ƙara don ya rinjayi ta waje. Duk da haka ba ya maye gurbin abin kare kunne na ma'aikacin masana'anta ko mai injin niƙa. Wasu mutane sukan ji kamar an danne musu kunne ko jiri ya ɗebe su idan sun kunna shi, shi ya sa na'urori da dama suke ba da damar rage ƙarfinsa. Yawancinsu kuma suna da yanayin da makirfo ke shigo da sautin waje da gangan, wanda aka yi domin mai tafiya a gefen titi ya ji babur ko mota na tahowa daga baya, domin rurin inji yana cikin sautukan da na'urar ta fi iya shafewa.