Bhool Bhulaiyaa na 2007 da na 2022: me ya haɗa su, me ya raba su?

Wannan bayani ya taɓa ƙarshen waɗannan finafinan Indiya biyu, don haka wanda bai kalle su ba yana iya dakatawa har ya kalla.

Shin fim na biyu ci gaban labarin na farko ne?

A'a. Fim na farko ya fito a 2007 ƙarƙashin umarnin Priyadarshan, tare da Akshay Kumar da Vidya Balan da Shiney Ahuja, na biyu kuma ya fito a watan Mayun 2022, Anees Bazmee ne ya ba da umarni, sannan Kartik Aaryan da Kiara Advani da Tabu suka ja ragamarsa. Iyalin da ke cikin labarin daban ne, gidan daban ne, tarihin fatalwar ma daban ne. Abin da aka gado ya haɗa da sunan Manjulika, da tsohon gidan sarauta mai ɗaki a kulle, da waƙar "Ami Je Tomar", da kuma Rajpal Yadav wanda ya sake fitowa a matsayin Chhote Pandit.

To, a ina babban bambancin yake?

Yana cikin amsar da kowane fim ya bayar ga tambaya guda: da gaske akwai fatalwa a gidan? A fim na farko, Siddharth da matarsa Avni sun dawo daga Amurka sun tare a gidan kakanninsa, duk da gargaɗin dangi cewa akwai ɗakin da ba a buɗewa, saboda an tsare fatalwar wata 'yar rawa mai suna Manjulika, wadda ta rataye kanta bayan sarki ya kashe masoyinta. Avni ta buɗe ɗakin, abubuwan ban tsoro suka fara faruwa, zargi ya faɗa kan Radha, yarinyar da aka riƙa a gidan. Sai labari ya yi nisa sannan likitan ƙwaƙwalwa Aditya, wato Akshay Kumar, ya iso, ya gano cewa Avni ce ke fama da wata lalura da ke sa mutum ya riƙa komawa wani mutum dabam ba tare da saninsa ba, lalurar da ta samo asali daga ƙuruciyarta da rabuwarta da kakar da ta rene ta da tatsuniyoyi.

Fim na biyu ya kifar da wannan tsari baki ɗaya. Jaruminsa, Ruhaan, wato Kartik Aaryan, ba shi da ilimin komai a wannan fanni; ƙarya ya shirga cewa yana ganin matattu, domin ya rufa wa Reet, wato Kiara Advani, asiri, wadda danginta suka ɗauka ta mutu a haɗarin mota, ita kuwa ta zaɓi ta bar su a haka don wanda aka tsayar mata ya auri wadda yake so. Ƙaryar ta karɓu har mutanen gari suka riƙa kiransa Rooh Baba. Amma fatalwar da aka kulle shekara 18 a gidan ta gaske ce. Ke nan a 2007 masani ne ya fuskanci fatalwar da babu ita, a 2022 kuma ɗan damfara ne ya yi karo da fatalwar da ke nan, kuma kusan duk sauran bambance-bambancen daga nan suka tsiro.

Me ya sa na farko ya fi zama a zukatan masu kallo da yawa?

Dalili na farko shi ne labarin ya riga ya sha gwaji kafin ya iso harshen Hindi. An ɗauko shi ne daga Manichitrathazhu, fim ɗin harshen Malayalam na 1993 wanda Fazil ya ba da umarni, Mohanlal da Shobana suka fito a ciki, kuma an sake yin sa da harshen Kannada a 2004, da harshen Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi tare da Rajinikanth. Saƙar labarin tana da ƙarfi, domin duk abin da ya tsorata mai kallo a farko yana samun bayani a ƙarshe, kuma wanda ya sake kallo zai ga alamun a fili.

Dalili na biyu shi ne wasan Vidya Balan. Akwai wurin da Siddharth, bisa shawarar likita, ya hana Avni fita da gangan don ya tunzura ta. Nan take muryarta ta sauya, ta koma magana da harshen Bengali, ta ɗaga gado da hannu ɗaya, sannan ta dawo hayyacinta a ruɗe, tana kallon mijinta kamar wadda aka tasa daga barci. Ba a buƙaci dabarar kwamfuta ba, fuska da murya ne suka yi aikin. Hanyar maganin ma abin lura ce, domin likitan bai raina imanin mutanen gidan ba: ya haɗa kai da babban malamin addininsu, aka shirya biki aka sa Avni ta yi zaton ta kashe sarkin, alhali mutum-mutumi ta halaka, da haka fansar da ke cin ranta ta kwanta.

Ta fuskar barkwanci fa, wanne ya fi?

Na biyu ya fi yawan ban dariya, amma a ganina na farko ya fi iya ajiye ta a muhallinta. A 2007 dariyar tana fitowa ne daga tsoron mutanen gidan, musamman Paresh Rawal da ke firgita da inuwarsa, da Chhote Pandit da ya zauce har likita ya yi masa tsiyar cewa ya nisanci ruwa, ya kuwa riƙe maganar da gaske. Da zarar an shiga sashen ƙarshe, an daina wasa. A 2022 dariyar ta rataya ne a kan ƙaryar Ruhaan da fargabar kada asiri ya tonu, tare da bokaye uku, ciki har da Sanjay Mishra, da suke ganin ya ƙwace musu kasuwa. Akwai raha sosai, sai dai wani lokaci ana jefa zolaya a daidai inda tsoro ya fara kama mai kallo, sai ta kashe masa kaifi.

Akwai abin da na biyu ya yi wanda ya cancanci yabo na musamman?

Akwai, kuma Tabu ce. Ta fito a matsayin tagwaye, Anjulika da Manjulika, kuma a ƙarshe aka gane cewa matar da ke zaune cikin dangi cikin mutunci duk tsawon shekarun nan ita ce Manjulika mai tsafin, ta kashe 'yar uwarta ta ɗauki sunanta da mijinta, fatalwar da ake tsoro kuwa ita ce wadda aka zalunta. Wannan juyi ya ba fim ɗin nauyin da ba a zata ba, kuma Tabu ta samu kyautar Filmfare ta masu sharhi a kan wannan rawar da ta taka. Matsayin Reet ne ya yi rauni, domin bayan ta kunna labarin sai ta koma 'yar ɓuya kawai.

Yaya kasuwa ta karɓi na biyu?

Ya tara fiye da rufi biliyan 2.5 a duniya, a shekarar da manyan finafinan Hindi da dama suka kasa mayar da kuɗinsu bayan annobar korona. Wannan nasara ce ta sa Anees Bazmee da Kartik Aaryan suka dawo da na uku a watan Nuwamban 2024, inda Vidya Balan ta sake fitowa, tare da Madhuri Dixit.

Wanne ya kamata mutum ya fara kallo?

Tunda labaran ba su dogara da juna ba, babu wanda zai ɓace idan ya fara da na biyu. Duk da haka fara da na 2007 ya fi, saboda na 2022 yana wasa da abin da mai kallo ya riga ya sani. Lokacin da Ruhaan ya yi shigar wanda Manjulika ta hau kansa, yana rawa da waƙar "Ami Je Tomar", an tsara wurin ne don wanda ya taɓa ganin Vidya Balan tana wannan rawa a 2007, kuma wanda bai gan ta ba zai rasa rabin abin da ake nufi.