Illar guba da matsin muhalli ga ɗan tayi

Ɗan tayi shi ne halittar da ke ginuwa a cikin mahaifa, ko a cikin ƙwai, kafin haihuwa ko ƙyanƙyasa. Wasu sinadarai, magunguna, cututtuka, yunwa da zafi mai tsanani suna iya karkatar da wannan gini, har a samu ɓari, ko bakwaini, ko nakasa, ko wata cuta da ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru. Fannin da ke nazarin wannan ana kiransa teratoloji.

Babban abin da fannin ya gano shi ne, ɓarnar guba ta dogara ne da ranar da ta iso, kamar yadda ta dogara da yawanta. A makonni biyu na farko bayan shigar ciki, ƙwayoyin halitta ba su riga sun rabu zuwa gaɓoɓi ba, don haka guba ko dai ta kashe tayin gaba ɗaya, ko kuma ya murmure babu tabo. Daga mako na uku zuwa na takwas ne ake ƙera zuciya, hannuwa, ƙafafu, idanu da kunnuwa, kuma nan ne haɗari ya fi yawa. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana na 28. Abin tausayi a nan shi ne, mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba a wannan lokaci. Bayan mako na takwas gaɓoɓi sun tsaya da siffarsu, amma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har bayan haihuwa.

A da likitoci sun ɗauka mabiyiya katanga ce da ke tare kowace irin cuta. Likitan ido Norman Gregg na Ostireliya ya fara rusa wannan zato a 1941, lokacin da ya lura jariran da aka haifa da yanar ido, iyayensu mata sun yi cutar rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, a farkon ciki.

Maganin talidomaid ne ya kammala rushewar. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957 a matsayin maganin barci, aka kuma riƙa ba masu ciki saboda laulayi. An janye shi a 1961, bayan gargaɗin likitoci biyu, Widukind Lenz da William McBride, amma an haifi jarirai sama da 10,000 da munanan nakasu, da yawansu hannuwa ko ƙafafu gajeru ƙwarai, wasu babu su sam. Ɓarnar tana faruwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, kuma ranar da aka sha ƙwayar ce ke nuna gaɓar da za ta lalace: kunne da farko, sai hannu, sannan ƙafa. A Amurka, Frances Kelsey ta hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙi amincewa da maganin har sai an kawo mata hujjar cewa ba shi da illa, kuma tsayuwarta ta ceci jarirai masu yawa.

A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gane cutar a hukumance a 1956, wata masana'anta ta daɗe tana zubar da zaiba a teku, gubar ta taru a jikin kifi. Akwai matan da ba su nuna wata alama mai tsanani ba, amma suka haifi 'ya'ya masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa, domin gubar tana ratsa mabiyiya ta taru a jinin tayi fiye da na uwa. Yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba ta ɗauki sunan garin.

Dalma kuwa tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru. Idan ciki ya shiga, jiki ya fara ɗibar sinadarin kalsiyam daga ƙashi, sai ta biyo shi zuwa jini. Barasa ma tana ratsa mabiyiya kai tsaye, kuma ba a san wani adadi nata da ba shi da haɗari ga mai ciki ba.

Matsin muhalli ba lallai sai da guba ba. Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki yana ƙara yiwuwar nakasar laka, haka ma ƙarancin sinadarin folik asid, shi ya sa ake so mace ta fara shan mikrogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki. A lokacin yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, jariran da iyayensu mata suke farkon ciki sun fito duniya da nauyi daidai, amma da suka manyanta sun fi sauran kamuwa da ƙiba da ciwon zuciya. Tsananin damuwa kuma yana ɗaga sinadarin kotizol a jinin uwa, ko da yake mabiyiya tana karya mafi yawansa kafin ya isa tayi.

Dabbobi ma ba su tsira ba. A jihar Idaho ta Amurka, tumakin da suka ci wani tsiro mai suna Veratrum californicum a kwana na 14 na ciki sun riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwan mikiya da shaho ya yi laushi har yana fashewa a ƙarƙashin uwa. A wurin kunkurun teku, zafin yashi ne ke yanke jinsi: idan ya haura kusan digiri 29 a ma'aunin Salshiyas, yawancin abin da za a ƙyanƙyashe mata ne.