Igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa a cikin cutar sikizofiriniya mai daɗewa

Sikizofiriniya nau'i ce ta taɓin hankali da ke sa mutum jin muryoyin da babu mai yin su, ko yarda da abin da ba gaskiya ba, sannan a hankali ya janye jiki daga mutane. A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kusan mutum 1 cikin 300. A wurin waɗanda cutar ta shekara da shekaru a jikinsu, masu bincike sun gano cewa lantarkin ƙwaƙwalwa yana kaɗawa daban da na masu lafiya.

Ana ganin wannan ne da EEG, na'urar da ke zana igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda Hans Berger, likita ɗan Jamus, ya fara gwadawa a kan mutum a 1924. Akan manna ƙananan faifai na ƙarfe, galibi 19, a fatar kai, a ɗauki zane na minti 20 zuwa 30. Igiyoyin suna da rukuni gwargwadon saurinsu: delta na kaɗawa ƙasa da sau 4 a sakan, tita 4 zuwa 8, alfa 8 zuwa 13, bita 13 zuwa 30, gama kuma sama da 30. Lafiyayyen baligi idan ya rufe ido yana farke, alfa ce ke mamaye ƙeyarsa.

A cutar da ta daɗe, abin da aka fi samu shi ne delta da tita sun yi yawa, musamman ta goshi, alfa kuma ta yi rauni. Sai dai abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda ƙwaƙwalwar ke amsa sauti. Idan aka kunna ƙara mai bugawa sau 40 a sakan, ƙwaƙwalwar mai lafiya takan bi bugun daidai, kamar masu tafi suna bin kiɗa; ta majinyaci kuwa tana bi ne da rauni. Ana danganta hakan da naƙasar wasu ƙwayoyin jijiya masu aika saƙo da wani sinadari mai suna GABA, waɗanda aikinsu shi ne daidaita lokacin da sauran ƙwayoyi ke harba saƙon lantarki. Haka kuma, idan aka jero sauti iri ɗaya sannan aka jefa wani baƙo a tsakiya, ƙwaƙwalwa takan lura da kanta ko mutum bai kula ba. Wannan amsa tana raguwa a sikizofiriniya, kuma raguwar ta fi bayyana a wurin waɗanda suka jima da cutar. Igiyar P300, mai fitowa wajen kashi 3 cikin 10 na sakan bayan sautin da aka ce mutum ya saurara, ita ma tana ƙanƙancewa. A barci ma ana ganin ƙarancin wasu gajerun kaɗawa masu saurin sau 12 zuwa 15 a sakan.

Duk wannan fa matsakaicin sakamako ne na rukunin mutane. Majinyaci ɗaya zai iya zuwa da zane mai kyau tsaf, don haka babu likitan da ke tabbatar da sikizofiriniya da EEG. Tarihin ciwon da hira da majinyaci da danginsa su ne madogara. Amfanin gwajin a asibiti shi ne tabbatar da cewa ba wani ciwo mai kama da ita ba ne: farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa, wadda ke sa mutum ya sandare ko ya yi ta surutai ba tare da ya faɗi ba, ko kumburin ƙwaƙwalwa. A Kebbi da Zamfara, inda sau da yawa ake fara kai irin wannan majinyaci wurin mai ruƙiyya, akan isa Gusau ko Birnin Kebbi ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato bayan ciwo ya yi nisa, kuma rarrabe sikizofiriniya da waɗannan cututtuka yana canja maganin gaba ɗaya.

Magunguna kan rikita zanen. Kulozafin, wani maganin sikizofiriniya, yana ƙara igiyoyi masu jinkiri, yana kuma iya jawo farfaɗiya idan adadin ya yi yawa. Dayazafam yana cika zanen da bita. Taramol yana sauƙaƙa tashin farfaɗiya. Shi ya sa dole a rubuta wa mai karanta zanen duk abin da majinyaci ke sha, amma kada a dakatar da magani sai likita ya ce.

Sauran matsalolin na ɗakin gwaji ne. Gumi a zafin bazara yana haifar da kaɗawa mai jinkiri da za a iya ɗauka delta ce. Man shafawa ko kitso mai tsauri yana hana faifan kama fata, don haka a tsefe kai a wanke shi da sabulu tun daren jajibiri, kada a shafa komai. Motsin baki da rawar jiki da tsofaffin magunguna ke sa wa wasu majinyata suna shiga zanen, haka ma wutar lantarki mai bugawa sau 50 a sakan idan wayar ƙasa ba ta da kyau. A ci abinci kafin a zo, a kuma guji goro da kofi a safiyar, domin yunwa da sinadarin kafeyin da ke cikinsu duk suna taɓa sakamakon.