Shakespeare ma aro ya yi

Duk lokacin da aka fitar da sabon littafin matasa da ya ɗauko labarin Romeo da Juliet ya cusa masa aljanu ko tsafi, sai ka ji masu cewa marubutan yanzu sun rasa basira, sun koma satar abin da Shakespeare ya ƙirƙira. To, ai shi ma ba shi ya ƙirƙiro labarin ba.

Wani Ba'italiye, Luigi da Porto, shi ya raɗa wa masoyan waɗannan sunaye, ya ajiye su a birnin Verona, wajajen 1530. Matteo Bandello ya sake rubuta labarin a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci, sannan Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. Daga wannan waƙar Shakespeare ya ɗebo wasan kwaikwayonsa, wanda aka buga a 1597.

Abin da ya yi da kayan aron shi ne gwanintar. A wajen Brooke labarin ya ɗauki watanni, shi kuwa ya matse shi cikin 'yan kwanaki, har masoyan ba su samu sararin numfashi ba. Ya kuma rage wa Juliet shekaru zuwa 13.

Irin wannan aikin marubuciya Chloe Gong ta yi a littafinta na 2020, da ta kai labarin Shanghai ta 1926, tsakanin gungun 'yan daba biyu, ga kuma dodo a cikin kogi. Mai karatu ya san inda aka dosa, amma bai san ko wannan karon za a bar masoyan da rai ba.