DNA da yadda ƙwayoyin halittar jiki ke rabon aiki

DNA wani sinadari ne mai kama da dogon zare da ke ƙunshe cikin ƙwayoyin halittar jiki, waɗanda 'yan makaranta ke cewa sel, kuma shi ke ɗauke da bayanin gadon da ɗa ke samu daga uwa da uba. Jikin babban mutum na da sel wajen tiriliyan 30 ko fiye, an saba kasa su iri sama da 200, na fata daban, na hanta daban, na ƙwaƙwalwa daban. To amma kusan dukkansu DNA ɗinsu iri ɗaya ne sak, kuma duk daga sel guda suka fito, wato ƙwan mace da maniyyi ya shiga. Yadda akai kundi guda ya fitar da ma'aikata iri-iri haka shi ne abin da ake kira rarrabuwar sel.

Yadda yake

An rubuta DNA da sinadarai huɗu ne kacal, ana taƙaita su da A, T, G da C. Zare biyu ne suka murɗe da juna kamar igiya, A kullum tana riƙe da T, G kuma da C. Mutum na gadon haruffa kusan biliyan 3 daga uwa, wasu kamarsu daga uba, an naɗe su cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom a cibiyar sel, 23 daga kowane ɓangare. In da za a warware na sel guda sai ya kai kusan mita 2. Guntun da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda, wato irin sinadarin da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa, shi ne ƙwayar gado, akwai wajen 20,000.

Tarihi

Wanda ya fara ciro DNA wani matashin likita ne ɗan Siwizalan, Friedrich Miescher, a 1869 a garin Tübingen na Jamus, kuma daga mugunyar da ke jikin tsoffin bandejin asibiti ya ciro shi, don ita mugunya cike take da fararen ƙwayoyin jini. Bai san aikinsa ba. An ɗau shekaru da dama ana ɗaukan furotin ne ke riƙe da gado, sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna da ƙwayoyin cuta cewa DNA ne. A 1953 James Watson da Francis Crick suka fitar da siffarsa a Jami'ar Cambridge, sun dogara sosai kan hotunan ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ta rasu a 1958, aka ba da kyautar Nobel a 1962 babu ita, har yau ana taƙaddama kan ko an ba ta haƙƙinta.

Ita kuwa tambayar rarrabuwa ta girmi duk wannan. Wuraren ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe, August Weismann, ya ce ai sel suna raba gadon ne a tsakaninsu yayin da ɗan tayi ke girma, wanda zai zama fata ya ɗauki kason fata sauran ya ɓace masa. Magana ce mai shiga hankali, ta kuma daɗe. Amma fa manomi ya riga ya ga akasin haka a gonarsa, ko da bai sa mata suna ba. Duk wanda ya taɓa sarar itacen rogo ya binne a fadama a Yauri, ko ya kafa reshen zogale a matsayin danga a wani ƙauyen Zamfara, ya ga yadda bayan 'yan makonni guntun icen nan da ba saiwa ba ganye yake fitar da saiwa a ƙasa da toho a sama, wato bayanin saiwa na nan kwance a cikin reshe tun farko. A 1958 F. C. Steward ya tabbatar da haka a Amurka, ya tsirar da cikakken karas daga 'yan sel da ya ɗebo a saiwarsa.

A dabbobi ne abin ya yi wuya. A 1962 John Gurdon, a Jami'ar Oxford, ya ɗauki cibiyar sel daga hanjin ɗan kwaɗo tun yana da wutsiya yana iyo, ya sa ta cikin ƙwan kwaɗo da aka kashe masa tasa cibiyar, sai ga wasu ƙwan sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan kwaɗi masu iyo. Kwaɗon ma ɗan Afirka ne, irin mai farata da ke zama cikin ruwa. Wanga gwaji shi ya rusa maganar Weismann, don in da sel ɗin hanji ya zubar da sauran bayanin ai da ba za a samu ido ko ƙwaƙwalwa daga gare shi ba. Daga baya sai tunkiyar nan Dolly, da aka haifa ranar 5 ga Yulin 1996 a cibiyar Roslin ta Sikotilan, daga sel ɗin hantsar wata tunkiya 'yar shekara 6. Cikin ƙwai 277 da aka haɗa ita kaɗai ta zo duniya, ta mutu a 2003. Sai 2006, Shinya Yamanaka a Kyoto ta Japan ya nuna ƙwayoyin gado 4 kawai sun isa su mayar da sel ɗin ɓera da ya riga ya rarrabu baya, ya koma kamar na ɗan tayi. Shi da Gurdon suka raba Nobel ta 2012, shekara 50 cif bayan gwajin kwaɗon.

Yadda rarrabuwar ke faruwa

Kowane sel na riƙe da kundin duka, amma babin da ya shafe shi kaɗai yake buɗewa. Akwai wasu furotin da ke hawa kan DNA su kunna wata ƙwayar gado ko su kashe ta, François Jacob da Jacques Monod suka fara bayyana irin haka a Faransa a 1961. Sannan wurin da ba a buƙata ana naɗe shi tamau ko a manna masa wata alamar sinadari, kuma in sel ya rabu biyu 'ya'yansa na gadon alamar, shi ya sa in ka ji ciwo fata ce ke tsirowa a wurin ba hanta ba.

Me ke gaya wa sel abin da zai zama? Galibi wurin da ya samu kansa ne da saƙon sinadarin da maƙwabtansa ke aiko masa. Wajen mako na 3 da shigar ciki ɗan tayi ya kasu shimfiɗa uku, ta waje ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa, ta tsakiya tsoka da ƙashi da jini, ta ciki kuma huhu da hanta da bangon hanji. Daga nan zaɓi sai ƙara ƙuntata yake.

Akwai 'yan togaciya. Jan ƙwayar jinin mutum tana yar da cibiyarta in ta nuna, ba ta da DNA a ciki, tana yin kwana wajen 120 ta mutu, ɓargo ne ke ta haifar sabbi. Ta kaza kuwa tana riƙe da tata cibiyar.

Taƙaddama

Amfani da sel ɗin ɗan tayin mutum wajen bincike na da masu suka ta fuskar addini da ɗa'a, dokoki sun bambanta ƙasa zuwa ƙasa. Kwafo mutum irin na Dolly kuwa ƙasashe da yawa sun haramta.

Sikila

Nan ne maganar ta shigo mana gida, don Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu amosanin jini, kuma da wuya ka samu unguwa a Gusau ko Birnin Kebbi da ba a san gidan da ke fama ba. Harafi guda ne ya canza, A ta zama T, a ƙwayar gadon da ke kan kuromosom na 11. Kuskuren na cikin kusan kowane sel na mai SS, har na gashi da na fata, amma a ɓargo kaɗai ake buɗe wannan babin inda ake haɗa jan jini, shi ya sa ciwon a jini yake, jan ƙwayoyin jinin ne ke lanƙwashewa. Iyaye mata sun lura jariri kan yi watannin farko lafiya lau, sai wajen wata 6 hannu da ƙafa su fara kumbura yana kuka ba dare ba rana. Dalili shi ne a cikin ciki wata ƙwayar gado ce daban ke aiki, mai haɗa jinin tayi wanda ba ya lanƙwashewa, bayan haihuwa ake rufe ta a hankali a buɗe ta manya. Rufe ta akai, ba goge ta ba. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 a kan haka aka gina shi, ana ciro sel ɗin ɓargon mara lafiya a lalata makunnin da ya rufe ta tayin, a mayar masa da su jiki su ci gaba da haɗa jinin tayi. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.