Ku daina ce min "ai mu 'yan rana ne"

Aikin jinya nake yi a arewacin jihar Arizona ta Amurka, kuma da zarar watan Yuni ya kama na san irin baƙin da za mu yi har ƙarshen Agusta. Mutane ne da aka kwaso daga kwazazzabon Grand Canyon, leɓe ya tsattsage, ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita. A da ban cika ganin namu ba. Yanzu kuwa har da ɗalibanmu da masu zuwa hutu, shi ya sa na kasa yin shiru.

A zafin bara aka kawo mana wani saurayi a galabaice. Ina ɗaura masa ruwa na ji yana salati ƙasa-ƙasa, na yi masa Hausa, sai ya ware ido kamar ya ga gyatumarsa. Da ya dawo hayyacinsa na ce ƙarfe nawa ka fara gangarawa? Ya ce sha ɗaya. Ruwa fa? Gora ɗaya. Abinci kuma wai sai in ya dawo. Na ce, haba ƙanena, duk allunan gargaɗin nan ba ka gani ba? Sai ya ce, "Anti, ni fa ɗan Sakkwato ne, wace irin rana ce ban sha ba?"

Wallahi wannan magana ta ishe ni. A Sakkwaton wa ka taɓa gani yana hawan dutse da azahar a watan Afrilu? Manomi da asuba yake fita, kafin rana ta take ya nemi gindin bishiya. Ayarin gishirin Bilma ma sai iska ta fara sanyi yake tashi. Iyayenmu girmama rana suke yi, ku ne kuka mai da ita abokiyar wasa.

Grand Canyon wuri ne mayaudari. A bakinsa na kudu kana tsaye ne a tudun da ya kai mita 2,100, ga iska mai daɗi, ga itatuwa. Gangara ba wuya, har hoto kake ɗauka kana dariya. Amma kana yin ƙasa zafi na ƙaruwa, a gindi kusa da kogin Kolorado yakan haura digiri 45 a cikin inuwa. Sai ka gaji, ruwanka ya yi ƙasa, sannan ne hawan ke jiranka, ga zurfin kwazazzabon wajen kilomita ɗaya da rabi, kuma yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Hukumar da ke kula da gandun Grand Canyon da bakinta ta ce kada a je kogi a dawo a yini ɗaya, ta kuma ce a bar tafiya daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Duk da haka sama da mutum 250 ake cetowa kowace shekara.

A cikin hanyoyin gangarawa, South Kaibab ba ta da ruwa ko ɗigo, inuwa ma sai ka yi sa'a. Bright Angel na da famfuna, amma bututun yakan fashe, wasu kuma ba sa aiki sai a wasu watanni. Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne masu cewa ba sa son cunkoso, su nufi hanyar Tanner ko New Hance ko Nankoweap. Can ba famfo, ba a cika gyara hanya ba, wani wurin sawun ma ɓacewa yake yi. Kana iya yini ba ka haɗu da ɗan Adam ba, waya kuma ba sabis. In ka faɗi, wa zai kai labari?

Ba hana ku zuwa nake yi ba, 'yan uwana. Ni ma ranar da na fara leƙa kwazazzabon tasbihi kawai na kama yi. Ku je ku ga ikon Allah. Amma kada wanda ya sake fara sauka rana na tsaka don wai shi ɗan rana ne.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗurar ruwa zalla ciki ba komai. Gumi ya tafi da gishirin jiki, mutum ya fara amai da sambatu alhali ya sha lita biyar. Mun sha ganin wannan.

A gurguje dai:

- Ka yi asuba ka kama hanya. Daga hantsi zuwa la'asar ka zauna a inuwa.
- Ruwa da yawa, da abu mai gishiri: gyaɗa, kilishi in kana da shi. Kana sha kana ci.
- Ka jiƙa riga da hula duk inda ka samu ruwa.
- Ka tambayi ma'aikatan gandun wane famfo ke aiki a ranar. Kwana a ciki sai da takardar izini.
- Ka faɗa wa wani hanyar da ka bi da lokacin dawowarka.
- Jiri, ciwon kai, tashin zuciya: tsaya nan take. In abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, a kwantar da shi a inuwa, a yi ta zuba masa ruwa a jiki, a nemi taimako.

Saurayin nan kwana biyu ya yi a wajenmu saboda ƙodarsa ta ɗan taɓu. Da za a sallame shi ya roƙe ni kada labarin ya kai kunnen Hajiyarsa. Na ce ban ma san ta ba, amma ranar da ya sake gangarawa ƙarfe sha ɗaya sai na nemo lambarta.